Ni Na Nuna Musu Sajan

Narelle: Halo? Halo, Baba, kana jina?

Clarrie: Wa ke magana? In masu tallar inshora ne, mai gidan ya rasu tun bara.

Narelle: Haba Baba! Ni ce, Narelle. 'Yar taka ma sai ta gabatar da kanta?

Clarrie: A'a, Relle! Ke ce kike magana kamar daga cikin rijiya? Ina kwana?

Narelle: Ina kwana dai, Baba. Ka tashi lafiya?

Clarrie: Lafiya lau. Yaya aiki? Yaya mahaƙan ma'adinan naku, suna ci suna ƙoshi?

Narelle: Waɗannan ba sa ƙoshi. Tun da duhu nake soya musu ƙwai, yanzu na sulale bayan kicin. A kan kwandon madara nake tsaye, nan kaɗai ake samun sabis a duk sansanin nan. Yaya gwiwa?

Clarrie: Gwiwa tana nan inda kika bar ta. Yaya Lachie? Yaya makarantarsa?

Narelle: Yana lafiya, yana wurin ubansa har in sauka hutu. Ya ce in gaishe da kakansa.

Clarrie: Ina amsawa. Yaya zafi a wurinku? Nan sanyi ya fara sakinmu, har na dasa tumatir. Gwaggonki Beryl ta ce na yi gaggawa, na ce mata wanda ya kai shekaruna ba ya jiran Oktoba. Ita ma tana gaishe ki. Yaya motar taki, an gyara?

Narelle: Baba.

Clarrie: Na'am.

Narelle: Yaushe ka fara tambayar motata? Kai da gaisuwarka ba ta wuce kalma uku. Ina hoton Minty da ka ce za ka turo min? Na aiko mai askin karnuka har ƙofar gida, kyautar ranar iyaye maza, ko hoton karyar ban gani ba. Ta yi kyau?

Clarrie: To... gefe ɗaya ya yi kyau.

Narelle: Gefe ɗaya? An ɓata askin ne?

Clarrie: Ba askin ba. Kin ga, tana cin abinci, tana kaɗa wutsiya. Likita ya ce kare ba ruwansa da madubi, da ido ɗaya ma zai yi rayuwarsa.

Narelle: Da me ɗaya? Layin ya yanke. Gado ɗaya ka ce?

Clarrie: Ido! I-do! An cire mata na hagu.

Narelle: Wayyo Allah! Minty? Baba, Minty tamu? Yaushe? Me ya same ta? Mota ce?

Clarrie: Kwantar da hankalinki kar ki faɗo daga kwandon. An ɗinke wurin, ga ta nan ƙarƙashin kujerata da wata roba a wuya kamar mazurari, tana ta buge ƙafar tebur.

Narelle: Shi ne ba ka kira ni ba? Me ya same ta, Baba?

Clarrie: A filin hukuma ne, nan tsallaken titi, wajen famfo. Kin san Satumba, hankakin ƙasar nan masu waƙa sun yi ƙyanƙyasa, mazan suna kai wa mutane sura. Muna tafe kamar kullum, sai na ji fuu ta gefen kunnena, sai ihun Minty. Ban ma ga saukarsa ba.

Narelle: Hankaka? Wanne?

Clarrie: Minty, kwanta, daina buge tebur.

Narelle: Baba? Kana nan? Wanne daga ciki?

Clarrie: Sajan.

Narelle: Sajan! Sajan ɗinka? Wanda kake ba niƙaƙƙen nama a baranda kowace safiya? Wanda ke sa baki a kwanon Minty tana ci yana ci?

Clarrie: Sajan nawa ne a garin?

Narelle: Kai, wannan tsuntsu butulu ne! Shekara da shekaru yana cin naman fanshonka.

Clarrie: Haka ni ma na ce. Ranar da aka cire idon na dawo gida da ita a hannu, shi kuwa yana kan shingen baranda yana min waƙa kamar ba abin da ya faru. Zuciya ta ɗebe ni. Washegari na sa rigar zuwa jana'iza na nufi sakatariyar ƙaramar hukuma.

Narelle: Yawwa! Ai filinsu ne, dole su ɗauki alhaki.

Clarrie: Abin da na je in faɗa musu kenan. Kowace shekara suna kafa allon gargaɗi a bakin filin, a kula da hankaki. Bana ba su kafa ba. Na ce da akwai allo da na tuna na bi ta bayan coci. Wata yarinya ce a bayan gilashi, mai fara'a, har shayi ta haɗa min. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, Malam Clarrie, filin namu ne, bishiyar tamu ce, famfon namu ne, amma tsuntsun ba namu ba ne. Wai tsuntsu na daji ne, ba ma'aikacin hukuma ba.

Narelle: Ji wata magana! Da reshen bishiyar ne ya faɗo mata fa?

Clarrie: Na tambaya. Ta ce da reshe ne da sun duba. Na ce to a kan reshen yake zaune. Ta yi dariya, ta ce allon ma taimako ne suke yi, ba wajibi ba ne. Har ta rage murya ta ce kar in cika faɗin ina ba shi nama, kar abin ya juyo kaina.

Narelle: Wato babu ko sannu.

Clarrie: Sannu kam na sha ta. Da a nan na tashi na tafi, Relle, da yanzu ina barcina lafiya. Na miƙe kenan sai ta ce, ko ka san wanne ne a cikinsu? Wai mai kai wasiƙu ya kawo ƙara, wani mai keke ma ya kawo, amma babu wanda ya iya nunawa, duk hankakin filin kamarsu ɗaya.

Narelle: Kai kuma ka ce me?

Clarrie: Ni kuma, babban masani, na koma na zauna. Na ce kamarsu ɗaya a idon wa? Na ce yatsansa na dama a karkace yake, akwai ɗigon baƙi a farin ƙeyarsa, sheƙarsu tana bishiyar turare ta kusa da famfo, reshen da ke kallon gidana. Har sunansa na ba ta. Ina faɗa ina jin daɗi, wallahi, kamar ana tambayata labarin ɗana da ya ci jarrabawa. Ita kuwa tana ta danna na'ura.

Narelle: To sai me?

Clarrie: Sai ga mutum jiya da keji a bayan mota.

Narelle: Da kaji? Kaji kuma na me?

Clarrie: Keji! Abin kama tsuntsu! Ke, hau kan kwando biyu mana.

Narelle: Na ji, na ji. Kama shi za su yi?

Clarrie: Yau da safen nan. Kin ji ikon Allah? Da za a ɗauki alhakin idon Minty, tsuntsun ba nasu ba ne. Da za a kama shi, ya zama nasu.

Narelle: Kashe shi za su yi?

Clarrie: A'a. Mutumin, Desmond sunansa, ba mugu ba ne, mun zauna mun sha shayi. Ya ce can bayan duwatsu zai kai shi ya saki, nisan da ba zai gane hanyar gida ba. Na ce 'ya'yan da ke cikin sheƙa fa? Ya ce kar in damu, kafin rana ta faɗi wani namijin zai zo ya tare da matar, ya ci gaba da ciyar da su. Wai don ya kwantar min da hankali ya faɗa. Tsuntsu ya tsufa yana gadin bishiya guda, kafin yamma wani ya gaje shi, shi kuma yana can cikin baƙin hankaki suna tsattsage shi.

Narelle: Ka koma ka janye ƙarar mana.

Clarrie: Na koma. Yarinyar ta ce ya shiga na'ura, ba ya fita. Ta ce yanzu da suka san wanne ne, in ya taɓa wani gobe, su za a kama. Ashe rashin sanin ne yake kare su, shi ma yake kare shi. Ni na je na buɗe musu ido.

Narelle: Baba, in faɗa maka gaskiya? Ka bar su su tafi da shi.

Clarrie: Relle.

Narelle: A'a, tsaya ka ji. Na san kana son sa. Na san yana kwaikwayon yadda marigayiya Mama take kiranka daga wajen shanya, ni ma ranar da na fara ji sai da na zauna a ƙasa. Amma ido fa ya cire. Yaran makaranta ta filin nan suke bi. Ka sayar da gidan nan ka dawo birnin Perth wurina, na gaji da faɗa, ga ɗaki a kusa da na Lachie...

Clarrie: Ke ma keji gare ki?

Narelle: Ba wasa nake ba. Tsuntsun da ya yi wa Minty haka, Minty da ya sani tun tana 'yar kwikwiya, ai ya haukace. In bai bar wadda ya sani ba, wa zai bari?

Clarrie: Bai san ta ba!

Narelle: Kamar yaya bai san ta ba?

Clarrie: Ba komai. Yaya kika ce motar...

Narelle: Baba, kar ka kawo min mota. Kamar yaya bai san ta ba? Wace rana abin ya faru?

Clarrie: Litinin.

Narelle: Wace Litinin?

Clarrie: Ke dai Litinin.

Narelle: Washegarin askin?

Clarrie: Relle, ni na yi rayuwata ina yi wa tumaki aski, ban taɓa ganin an sauya halitta irin wannan ba. Karya mai gashi kamar tsumman goge ƙasa, aka fito min da ita daga motar mai askin fara fat, siririya, kunnuwa a tsaye, ga jan ƙyalle a wuya, tana ƙamshin lemo. Ni kaina sai da na kira sunanta ta juyo kafin na yarda. Shi kuma daga sama yake kallo, ga 'ya'ya a sheƙa. Ya ga baƙuwar dabba ta nufi gindin bishiyarsa. Me kike so ya yi?

Narelle: Wayyo ni. Wayyo Allah, ni ce.

Clarrie: Kin gani? Shi ya sa ban kira ba.

Narelle: Ni na aiko su. Har na ce su sa mata jan ƙyallen, don ka yi dariya.

Clarrie: Kuma na yi dariyar, har na ƙware. Ke, saurara. Kyauta kika yi, kyauta mai kyau. Ni ne na san watan da muke ciki, na san halinsa, na ja ta zuwa gindin bishiyar don in yi wa mutanen fili burga da ita. Kar ki yi kuka a gaban mahaƙa, za su ce ƙwan ne ya ƙone.

Narelle: Ka gaya wa hukumar haka? Ka gaya musu bai gane ta ba ne?

Clarrie: Na gaya wa yarinyar. Ta ce babu gurbin da za ta rubuta wannan. Amma kin san wani abu? Shekaranjiya na fito da Minty baranda, da robar wuyanta da komai. Ya sauko, ya zagaya ta, ya karkata kai yana kallonta. Ta yi masa wannan ɗan gurnanin nata na kan kwano. Shi kenan, ya gane. Ya je ya tono tana a cikin tumatir ya ajiye mata a gaba. Ita kuma ta juya masa gefen da babu ido ta yi barcinta. Su sun gama shari'arsu, mu ne muka rage.

Narelle: Allah sarki. To Baba, kar ka taimaka musu. In mutumin ya ce ka yi masa fito ya sauko, ka ƙi.

Clarrie: Ya roƙa, na ƙi.

Narelle: Ka hana shi shiga gidanka.

Clarrie: Na hana. Ya ce ba komai, ciyawar bakin titi ta gaban gidana ta hukuma ce, a nan zai ajiye kejin. Ciyawar da ni nake yankewa tun kafin a haife shi! Ba ya ma bukatar fitona, Relle. Jiya a gabana ya ɗebo nama a tafin hannu ya miƙa, don gwaji. Sajan ya sauko ya ci.

Narelle: A hannun baƙo?

Clarrie: A hannun baƙo. Sauran hankakin filin ko kusa ba sa zuwa, sun san mutum. Shi kaɗai ne wawan da ya yarda cewa hannu mai nama hannun arziki ne. Wa ya koya masa? Desmond ya ce bai taɓa samun aiki mai sauƙi irin wannan ba. Ya ce in tsuntsu ya ƙi keji, sukan yi ta zarya har 'ya'yan su tashi, surar ta tsaya, a rufe maganar sai baɗi. Amma wannan, in ji shi, kafin shayinsa ya huce ya gama.

Narelle: To ka rufe shi a ɗakin wanki har mutumin ya tafi.

Clarrie: Gobe fa? Jibi fa? Wa zai ciyar da 'ya'yan? Na kwana ina juya abin nan, hanya ɗaya ce kawai na... Tsaya.

Narelle: Me ya faru?

Clarrie: Kina jin wannan?

Narelle: Ina jin wani abu kamar sarewa. Shi ne?

Clarrie: Shi ne. Ya sauka a kan shingen baranda, ya zo karin kumallo. Dubi yadda ya buɗe ƙirji, ɗan banza. Ga kuma farar mota can ta shawo kwanar coci.

Narelle: Mutumin ne? Baba, me za ka yi?

Clarrie: Zan ajiye wayar a kan tebur. Kar ki kashe, ina son in san akwai wani a kusa.

Narelle: Baba, wace hanya ce ka ce? Baba!

Clarrie: Minty, shiga ciki. Shiga, na ce. Yawwa... Sajan. Zo, tsoho. Ga namanka, na shanu ne yau, ba na kaza ba. Sauko mana. Matso. Ƙara matsowa, ga hannuna. Haka. Haka, abokina.

Narelle: Halo? Ƙarar me ce wannan? Ruwa ne? Baba, tiyo ka kunna masa?

Clarrie: Tafi! Tafi, ɓarawo! Bar min gida! Kai... a'a, a'a, kar ka dawo, ba wasa nake ba. Ba wankan rani ba ne, sakarai! Tafi!

Narelle: Baba, me ka jefa? Na ji abu ya fashe!

Clarrie: Tafi na ce! Ga ɗayan takalmin! Kar ka ƙara cin abin hannun kowa, ka ji ni? Kowa! Tafi!

Narelle: Baba! Ɗauki wayar mana! Baba!

Clarrie: ...Ina nan.

Narelle: Numfashinka fa. Zauna. Ka zauna?

Clarrie: Na zauna. Tukunyar furen Beryl ce ta fashe, kar ki gaya mata.

Narelle: Ka same shi?

Clarrie: A fiffike, kaɗan. Ya tashi lafiya. Sau biyu yana dawowa, Relle. Ya ɗauka wasa ne. Sai da na ɗaga murya irin wadda ban taɓa yi masa ba.

Narelle: Yana ina yanzu?

Clarrie: Can ƙololuwar turaren. Ya yi shiru, yana kallona. Desmond ya fito da kejinsa, ya miƙa hannu da nama, yana ta kiransa. Ko motsi bai yi ba.

Narelle: Zai huce, Baba. Bayan kwana biyu zai dawo baranda.

Clarrie: Ba ki san su ba. Hankaka ba ya manta fuskar da ta cuce shi, kullum sura zai kai mata, har 'ya'yansa yake nuna wa. In ma ya dawo, sai na sake.

Narelle: Wayyo Baba. Sannu. Sannu, ka ji? Bari in nemi hutu in taho, ko na kwana...

Clarrie: Yi zamanki, mahaƙa suna jiran ƙwai. Tambaya ɗaya zan yi miki kafin layin nan ya tafi.

Narelle: Ina ji.

Clarrie: Hular kwanon nan ta keken Lachie, wadda ya bari da ya zo hutu. Tana ɗakin ajiya, ko kun tafi da ita?

Narelle: Tana nan a rataye bayan ƙofa. Me za ka yi da hular yaro?

Clarrie: Burodi ya ƙare, kuma ta filin nan ake bi a je shago.

Narelle: Baba... Halo? Baba? Halo?